Fashin baƙi: 'Ya'yan agwagwar inji ba su da ƙwari ne, ko riƙonsu ne ba a iya ba?

Shin gaskiya ne ɗan agwagwar da inji ya ƙyanƙyashe bai kai na uwa ƙwari ba? Tun da ƙananan injinan ƙyanƙyasa masu aiki da sola suka fara shiga gidajen masu kiwo a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri, maganar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wannan ya ce 'ya'yansa sun fito lafiya lau, kafin mako 3 rabi sun tafi. Waccan ta ce nata sun kai wata guda, ranar da ta sake su a tsakar gida toro ya bi su ɗai-ɗai ya halaka. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kayan inji ba su da albarka, ko kuma a ce manyan agwagi warin inji suke ji a jikinsu shi ya sa ba sa karɓar su.

Ɗan agwagwar da ya fito daga ƙwai mai kyau, a injin da aka saita daidai, ba shi da wata nakasa a jininsa. Maraya ne kawai. Uwa ayyuka biyar take yi: ta kwanta kan ƙwai, ta ɗumama 'ya'yan bayan sun fito, ta kare su daga jiƙewa, ta kai su inda za su kama fari da tsutsa, ta kuma tsaya musu a cikin garke. Na farkon kaɗai inji yake yi. Sauran huɗun suna wuyan mai kiwo, kuma mafi yawan mutuwar da ake ɗora wa inji, in aka bi diddigi, a ɗaya daga cikin huɗun nan aka yi sakaci.

Da farko, wace agwagwa ce?

Iri biyu ne a hannun mutane. Akwai ta gida, mai jan nama gudaji-gudaji a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai dai huci. Masana suna kiranta Maskobi, asalinta daga Kudanci da Tsakiyar Amurka ne, kuma ƙwanta kwana 35 yake yi. Akwai kuma 'yan waje masu yawan kuka, irin su farar Pekin da Khaki Campbell, waɗanda nasu ƙwan kwana 28 ne. Na kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. Wanda bai san wannan ba shi ne zai kashe inji a rana ta 30 yana cewa ƙwai ya lalace, ya fasa ya tarar da ɗa a raye. Shi ne kuma zai haɗa ƙwan kaza da na agwagwa a zubi ɗaya, ranar da ya daina juyi ya ƙara danshi saboda kaji, na agwagwar gida yana da sauran mako 2 na juyi a gabansa.

Inji mai fanka ana riƙe shi a digiri 37.5, danshi kusan kashi 55 cikin 100, a ɗaga zuwa 70 ko 75 a kwana 3 na ƙarshe. Ana juya ƙwai aƙalla sau 3 a rana in injin ba ya juyawa da kansa, a daina a rana ta 25 ga 'yar waje, ta 32 ga ta gida. Ƙwan agwagwar gida ya fi na kaza wuyar sha'ani a inji saboda kaurin abin da ya lulluɓe ɓawonsa, shi ya sa daga wajen rana ta 10 ake fito da shi ya sha iska na minti 10 zuwa 15 kullum, a fesa masa ruwan ɗumi kaɗan kafin a mayar. Kwaikwayon uwa ne, wadda takan tashi ta yi wanka ta dawo da jiƙaƙƙen ciki ta kwanta. A lokacin hunturu farantin ruwan inji yana bushewa da wuri, a riƙa dubawa safe da yamma. Ƙwan da za a zuba kada ya wuce kwana 7 da sakawa, a bazara kuma a ajiye shi gindin randa inda akwai sanyi. A rana ta 7 zuwa ta 10 a haska da tocila cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo, wanda ya fito fayau a cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe a kan sauran.

Ɗan agwagwa ba ya gaggawar fitowa. Bayan ya huda ɓawo yakan ɗauki awa 24, wani lokaci har 48, yana hutawa yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiya. Masu tausayin da ke ɓare masa ɓawo da farce su ke fito da 'ya'ya masu zubar jini da buɗaɗɗiyar cibiya, su mutu a kwana 2, a ce laifin inji ne. A bar shi ya fito da kansa, ya bushe sarai a ciki, sannan a ɗauke.

Ɗumi da shimfiɗa

A makon farko ana son zafin wurin kwanansu ya kai digiri 32, a auna shi daidai tsayin bayansu. Duk mako a rage kamar digiri 3, zuwa mako na 4 ko na 5 a cire wuta gaba ɗaya. Wannan lissafin littafi ne, yanayinmu yana taɓa shi. A watan Afrilu da rana, ɗakin kwano a Birnin Kebbi ya riga ya wuce abin da suke buƙata, wanda ya ƙara musu wuta gasa su zai yi. Inuwa da iska suke so a lokacin, sai ɗan ɗumi daga tsakar dare zuwa asuba. A Disamba da Janairu kuwa, musamman a garuruwan bakin gulbi, sanyin asuba kaɗai ya isa ya kwashe 'yan kwana 3 a dare ɗaya in wuta ta ɗauke.

In babu ma'aunin zafi, su kansu ma'auni ne. Suka hau kan juna suna ta tsiwa, sanyi ne. Suka gudu gefe-gefe baki buɗe, zafi ya yi yawa. Suka bazu suna barci wuya a miƙe, an dace. A sa wutar a gefe ɗaya domin mai jin zafi ya samu wurin gudu. Ƙwan lantarki na zamani mai farin haske ba ya ba da zafi, tsohon nan mai wat 60 ko 100 ake nufi. Mai amfani da gawayi ya hura shi a waje sai hayaƙi ya ƙare, ya zuba a tukunyar ƙasa, ya kewaye ta da waya, ya kuma bar kafar iska. Ɗakin da aka toshe ko'ina da leda ga gawayi a ciki, da safe gawa za a kwasa, ba rauni ba alamar cuta.

Buntun shinkafa ba ya wuyar samu a jihar Kebbi, kuma shimfiɗa ce mai kyau in ya bushe. A zuba kaurin yatsu huɗu, a rufe shi da tsohon buhun algarara ko tsumma a kwana 3 na farko don kada su ci shi a zaton abinci. Jarida da leda da kwali mai santsi su ke kawo tagayyarar ƙafa, inda ƙafafu za su buɗe dama da hagu ɗan ya kasa tashi. In an gani da wuri, a haɗa ƙafafun biyu da siririn filasta, a bar tazarar tsayuwarsa ta ainihi, kwana 2 ko 3 yakan miƙe. Agwagwa tana jiƙa wuri fiye da kaza nesa ba kusa ba, jiƙaƙƙen buntu kuma yana funfuna, funfunar ta shiga huhu. A kwashe inda ya jiƙe kullum. Wuri mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi zai ɗauki kamar 20 a makon farko, 8 zuwa 10 a mako na 3, 5 kacal in sun kai mako 6. A rufe sama da waya saboda shirwa da hankaka, a toshe ƙasa saboda gafiya da ɓera da kwarkwasa.

Ruwa, inda aka fi yin asara

Kowa ya taɓa ganin agwagwa da jerin 'ya'yanta 'yan kwana 2 a kan tafki, shi ya sa mutane suke ɗauka da iyawarsa ake ƙyanƙyasar ɗan agwagwa, abin da ya fi so a yi masa shi ne a cika baho a zuba shi. Iyon ya iya. Abin da bai da shi shi ne rigar ruwa. A gindin wutsiyar agwagwa akwai 'yar jakar mai da take tatsa da baki tana shafe gashinta, shi ya sa ruwa ke zamewa a bayanta. Ta jariri ba ta fara aiki sosai ba, gashinsa kuma lallausa ne kamar auduga. Waɗanda ke da uwa, ita ce mai fito da su daga ruwa tun ba su gaji ba, ta rufe su har su bushe. Na inji ba mai yi masa ko ɗaya. Zai shiga da murna, cikin 'yan mintoci gashin ya sha ruwa ya yi nauyi, sanyi ya kama shi, ya kasa hawa bakin roba. Ko bai nutse ba, sanyin zai ƙarasa shi kafin dare. Kwanon sha mai zurfin ɗan yatsa ya isa ya yi wannan ɓarnar.

Sai dai hana su ruwa ma wata hanyar kisa ce. Agwagwa tana buƙatar ta tsoma baki gaba ɗaya har hanci da ido. In ba ta samu ba, garin abinci ya toshe hancin, ido ya yi kwantsa ya manne. Dabarar ita ce mazubin da kai zai shiga jiki ba zai shiga ba. A samu galan na roba, a yanka ramuka a gefensa daidai girman kansu, a riƙa faɗaɗa ramin ko sauya galan yayin da suke girma. A kwanakin farko faranti mai cike da tsakuwa manya-manya ma ya wadatar. In an ɗora mazubin a kan waya da roba a ƙarƙashi, abin da suka fantsamar ba zai taɓa buntu ba.

Kada a taɓa ba su abinci babu ruwa a kusa. Agwagwa tana cika baki ne ta ruga ta kora da ruwa, in babu sai ta shaƙe. Idan kuma aka yi mantuwa suka yi awoyi ba ruwa, kada a kawo musu mai sanyi a cika musu, za su sha su hau tangaɗi wasu su faɗi. A ba su mai ɗumi kaɗan-kaɗan, a jinkirta abinci kamar rabin awa.

Wanka ana fara shi bayan mako 1 ko 2, da rana tsaka, a faranti mai faɗi da ruwan ɗumi iya cikinsu, minti 5, mutum na tsaye a kai. A tsane su da tsumma a mayar wurin ɗumi. Wannan yana sa su fara gyaran gashi, jakar man ta kama aiki. Ba a barin su da ruwa mai zurfi su kaɗai sai ƙirji da ciki sun rufe da gashi na gaske, wajen mako 5 zuwa 6, kuma a jingina bulo ko katako a ciki don su samu matakala. Ruwan sama ma haka: ɗan mako 2 da ruwan Agusta ya daka a fili ba lalle ya kwana ba. Kududdufin bayan gida da mushe ke ruɓewa a ciki yana kawo wata guba mai sa wuya ya saki agwagwa ta kasa ɗaga kai, ban da guza da manyan tarwaɗa da ke jan ƙanana ta ƙasa.

Abinci da ƙafafun da ke lanƙwashewa

A mako 2 na farko suna son abinci mai sinadarin gina jiki kashi 20 zuwa 22 cikin 100, wato sitata ta 'yan tsaki. Daga mako na 3 a sauko zuwa 16 ko 18, wato girowa. In gari ne a ɗan yayyafa ruwa ya dunƙule, a zuba iya abin da za su cinye a lokaci ɗaya, don jiƙaƙƙen abinci yana tsami cikin awoyi a zafin nan. Wanda ya ci gaba da ɗura musu abincin kajin nama mai ƙarfi har mako 6 zai iya ganin ƙarshen fiffike ya murɗe ya leƙo waje, saboda gashin ya yi wa ƙashin nauyi tun bai ƙosa ba.

Matsalar da ta fi rikita masu kiwo ita ce ta ƙafa. Wajen mako 2 zuwa 4 sai a ga ɗan agwagwa yana tafiya kaɗan yana zama, ƙafafu sun yi gwame, gwiwa ta kumbura. Wasu su ce sanyi ne, wasu su fasa kafso su zuba a ruwa. Mafi yawan lokaci ƙarancin nayasin ne, ɗaya daga cikin bitamin B. Agwagwa tana buƙatarsa kusan miligiram 55 a kowane kilo na abinci, fiye da abin da ɗan tsako ke nema, abincin kanti kuma don kaji aka haɗa shi. Nayasin da ke cikin masara kuma jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. 'Ya'yan da ke bin uwa ba sa cika samun wannan, domin yini suke suna kama ƙudaje da fari da tsutsa. Na inji da ke kulle a akurki abin da aka zuba masa kaɗai ya sani.

Maganin ba tsada. A sayi bitamin na kaji a shagon magungunan dabbobi, a duba jikin leda a tabbata an rubuta Niacin ko Nicotinamide, a riƙa sa musu a ruwa yadda aka rubuta har su kai mako 8. A ƙara da garin busasshen kifi marar gishiri, wanda ba ya wuya a Yawuri ko Argungu, da gara irin wadda ake tono wa 'yan zabi, a dai tsince zago don yana cizo. Yankakken zogale ko alayyafo ko latas a watsa a kan ruwan sha, su tsince da kansu. Da zarar sun fara cin ganye da hatsi a ajiye musu yashi mai kauri, da shi ƙundu ke niƙa. Ƙafar da aka kama da wuri takan miƙe cikin 'yan kwanaki, wadda ƙashi ya riga ya ƙosa a karkace kuwa ta tafi ke nan.

Sai maganar ƙuliƙuli da tunkuza. Gyaɗa tana da nayasin da yawa, amma ita da masara su ne funfuna ta fi kamawa, funfunar kuma tana fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta. A cikin tsuntsayen gida babu wanda wannan gubar ta fi yi wa illa kamar ɗan agwagwa. An gano ta ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960 sanadin tunkuzar gyaɗa, daga baya ma da jariran agwagi ake gwada ko abinci yana ɗauke da ita. To a gidajenmu hatsin da ya yi baƙi a rumbu ko ya sha ruwan damina, wanda aka ga mutum ba zai ci ba, shi ake watsa wa agwagi da sunan ai ba sa zaɓe. Babba zai iya ɗauka na ɗan lokaci, ƙarami ba zai kai labari ba. Buhun abinci a ɗora shi kan katako, kada a sayi wanda zai wuce wata guda.

Me ya sa manya suke far musu?

Ba wari ba ne. Agwagi suna gane juna da ido da murya, kuma garke yana da tsari: an san wa ke fara ci, wa ke matsawa. Duk baƙo sai an nuna masa matsayinsa. 'Ya'yan uwa suna shiga garke ne a bayan mai tsaya musu, wadda za ta buɗe fiffike ta yi kan duk wanda ya matso, har toro. Na inji su kaɗai suke shiga, ga ƙanƙanta. Cizon da babbar agwagwa za ta yi wa 'yar uwarta ta wuce, shi ne zai karya wuyan ɗan mako 3. Toron gida kuwa yakan kusan ninka mace nauyi, kuma yana kama ƙarami ta ƙeya ya jijjiga ko ya danna kansa cikin ruwa.

Akwai kuma abin da masanin nan ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya shahara da bayaninsa a kan dinya: jaririn tsuntsun ruwa abin da ya fara gani yana motsi shi yake ɗauka uwa. Na inji ƙafar mai gida ko ta yaran gida ya sani. Bai taɓa ganin babbar agwagwa ta miƙa wuya tana gargaɗi ba, don haka bai san lokacin kaucewa ba. Wannan ya sa ganin juna ta bayan waya yake da amfani ga ɓangarorin biyu.

Yaushe ake haɗawa, kuma ta yaya?

Gashi da girma ake dubawa kafin kwanan wata. Sai baya da ƙirji sun rufe ruf, gashin jarirai ya kaɗe, girmansu ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na babbar mace. 'Yan waje sukan kai haka a mako 7 zuwa 8. Na gida sun fi jinkiri, sai mako 10 zuwa 12.

Tun suna mako 4 ko 5 za a iya fara fito da su da rana a wani keɓaɓɓen wuri cikin filin manyan, a raba da waya mai ƙananan ido wadda kai ba zai shiga ba, da inuwarsu da ruwansu. A ajiye abincin ɓangarorin biyu kusa da wayar, su riƙa ci suna kallon juna. Kwanakin farko manyan za su yi ta zagaye suna huci. Ranar da aka ga sun daina kula su, sun koma kwanciya a jikin wayar, an kusa. Wannan yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, kuma ba a yi asara ba in ya fi haka.

Haɗuwar farko a yi ta da la'asar, a fili mai faɗi, bayan manyan sun ƙoshi. A kulle toro, a fara da mata, in da hali da wadda aka san ta fi sanyin hali. Rabin awa ya isa a ranar farko, mutum na zaune a wurin, gobe a ƙara. A watsa ganye ko dusa a wurare da yawa don hankali ya rabu. Mazubin abinci da na ruwa su zama aƙalla biyu-biyu, nesa da juna, yadda babba ɗaya ba za ta tsare duka ba. A jingina tsohuwar ƙofa ko zana a bango, da 'yar kafar da ƙanana za su shige manya su kasa. Kada a bar baho mai zurfi a wurin a kwanakin nan, nan ne ake danne su.

Kora daga bakin abinci, ɗan cizo a wutsiya, miƙa wuya da huci, duk na tsari ne, a ƙyale su, kwana 3 zuwa mako guda zai lafa. Abin da ba a ƙyalewa shi ne a ga an ware ɗaya ana binsa ba hutu, ko an kama ƙeya an danne, ko jini ya fito, ko wani ya maƙale a lungu ya daina zuwa cin abinci. A nan mai laifin ake cirewa a kulle kwana 3 ko 4, ba ƙananan ba. In ta dawo ta tarar an saba ba da ita ba, kaifinta yakan ragu. Kuma a shigar da su gaba ɗayansu, ɗan agwagwa ɗaya tilo a cikin manya abin tausayi ne. Ko an saba da rana, a ci gaba da raba makwanci na ƙarin mako 1 ko 2, domin a ƙuntataccen akurki da dare babu wurin gudu.

Toro shi ne na ƙarshe. Ba ya jiran mace ta balaga kafin ya hau ta, agwagwar gida kuwa sai wajen wata 6 zuwa 7 take fara saka. 'Yar wata 3 da ƙaton toro ya danne takan samu rauni a ƙafa ko a baya, ta tsige a ƙeya. Gara a riƙe ƙananan matan nesa da shi har su kai wata 5. A garke kuma toro 1 ga mata 4 zuwa 6 ya isa. Tun wajen mako 6 zuwa 8 ake gane mazan cikin na gida, sun fi girma da kaurin ƙafa, sai a san waɗanda za a kai kasuwa kafin su fara faɗa. Gidan da torori suka yi yawa har kaji ba sa tsira.

Abu ɗaya da ake mantawa: in manyan suna cin abincin masu saka ƙwai, sinadarin ƙashi da ke cikinsa ya ninka abin da ƙanana ke buƙata sau uku ko fiye, yana kuma taɓa musu ƙoda. A mayar da kowa kan girowa, a ajiye wa masu saka dakakken ɓawon ƙwai ko na kawa a kwano daban.

Cusa wa uwa fa?

Yana yiwuwa, amma ƙofar ƙarama ce. Sai agwagwar da ta daɗe a kwanci, nata suna fitowa ko sun fito a ranar, 'ya'yan injin kuma ba su wuce kwana 1 ko 2 ba. A cusa su ƙarƙashinta cikin dare, a kasance a wurin da asuba. In ta fara saran su a kwashe nan take, ba ta canza ra'ayi. Wadda 'ya'yanta suka yi mako ta riga ta san nata, su ma na injin da suka yi kwanaki ba za su bi ta ba.

Cutar da ba a gani

Babbar agwagwa tana iya ɗauke da cuta tana yawonta lafiya. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, tana cikin waɗanda agwagi kan ɗauka ba tare da alama ba. A Kebbi, inda na gida ke sauka fadama su sha ruwa ɗaya da kirinjijiya da baƙin tsuntsayen da ke zuwa da hunturu, wannan ba maganar wasa ba ce. Na inji ba su taɓa haɗuwa da komai ba. Don haka a fara ba ƙanana abinci kafin a shiga wurin manya, kowa da kwanonsa, wanda kuma aka sayo daga kasuwa a keɓe shi aƙalla mako 2. Akwai ciwon hanta na jariran agwagi da ke kama 'yan ƙasa da mako 3, su mutu farat ɗaya kai a lanƙwashe baya. In aka ga mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, ƙanana ko manya, likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ake nema, ba wuƙa da kasuwa ba.

To, uwa ko inji?

Masu cewa a bar wa uwa suna da hujja. Agwagwar gida gwanar kwanci ce, ba ta neman sola ko gawayi, 'ya'yanta kuma suna cin rabin abincinsu a waje. Ga matar da ke da agwagi uku ko huɗu a cikin gida, sayen inji ɗora wa kai nauyi ne. Aibin shi ne lokaci: kwana 35 na kwanci, ga watanni na reno, duk ba ta saka, sannan shirwa da kwata suna cin rabonsu a hanya. Masu inji suna samun 'ya'ya da yawa sa'o'in juna a lokacin da suka zaɓa, uwar kuma ta koma saka da wuri. Ga mai 'yan waje ma kusan dole ne, don Pekin da Khaki Campbell ba su cika kwanci ba. Kuɗin da ba a lissafawa shi ne na mako 10 zuwa 12 na abincin saye, da bitamin, da waya, da wurin da za a keɓe. Wanda gidansa ba shi da filin da za a raba biyu, gara ya sayar da su suna 'yan kwanaki ga mai wuri.

Masu kiwo a bakin fadamun Argungu da Suru da Bunza su ƙara da lissafin maƙwabta. Garken da ya tashi daga 6 ya koma 40 ba zai tsaya a gida ba, shinkafar da ta fara nuna kuma ba ta da mai gadi, ga maganin feshi da ke kwance a ruwan gona. Sannan wanda ya kawo farar Pekin ya zuba cikin na gida da niyyar inganta iri ya sani cewa abin da za su haifa yana girma da nama, yakan fito daga ƙwai wajen kwana 32, amma kamar alfadari yake, ba ya haihuwa. Mai son iri ya ci gaba sai ya raba su wuri tun kafin su balaga.